Inda Lomar Tuwo Take Zuwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban baho ranar Babbar Sallah yana wanke kayan cikin rago ya riga ya ga rabin darasin. Ga tumbi mai kaushi, ga hanta mai santsi da 'yar jakar maɗaciya manne a jikinta, wadda ake cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama, ga kuma hanji, ana ja yana fitowa har hannu ya gaji. Hanjin ɗan Adam bai kai wannan tsawo ba, tumbinsa kuma ɗaki ɗaya ne, ba huɗu irin na dabbobi masu tuƙa ba. Amma tsarin bai sauya ba: bututu ne guda da ya tashi daga baki ya ƙare a dubura, tsawonsa ya kusa mita 9 in aka miƙe shi, sai wasu gaɓoɓi a gefe da suke zuba masa ruwan aiki.

In aka yi maganar narkewar abinci, hankalin kowa kan tumbi yake tafiya. Suna kawai ya yi. Likitoci kan cire shi ɗungurungum ga mai kansar tumbi, mutum ya ci gaba da rayuwarsa yana cin abinci kaɗan-kaɗan, ana yi masa allurar bitamin B12. Wanda ya rasa ƙaramin hanjinsa kuwa, sai dai a riƙa ciyar da shi ta jijiya. A can ake babban aikin, kuma kafin loma ta isa can ta riga ta sha hannu.

Tun kafin a wanke hannu aikin yake farawa. Ƙamshin miyar kuka da man shanu ya isa ya sa yawu ya tsinko, tumbi ma ya fara fitar da ruwansa. A kan wannan fanni masanin Rasha Ivan Pavlov ya sami kyautar Nobel a 1904, bayan ya daɗe yana bincike a kan karnuka. Mutum yana fitar da yawu daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini, ya haɗiye kusan dukkansa bai sani ba. A cikin yawun akwai wani sinadari mai suna amiles, wanda yake kakkarya sitaci ya mayar da shi sukari. Mai shakka ya samu gutsuren burodi ko dafaffiyar shinkafa ya yi ta taunawa bai haɗiye ba, zai ji zaƙi ya fara fitowa. Masu kunun zaƙi sun daɗe da sanin wannan aiki ko da ba su san sunansa ba. In sun dama ƙullun gero ya yi kauri, sai su zuba niƙaƙƙen ɗanyen dankali ko tsiron hatsi, su rufe su bar shi. Kafin gari ya waye kunun ya tsinke, ya ɗauki zaƙi. Irin wannan sinadarin ne a cikin dankalin da tsiron.

Tuwo dai ba a cika tauna shi ba, miya mai yauƙi ce take raka shi. Wannan ba laifi ba ne, don niƙa da tuƙi sun riga sun yi wa haƙora aikinsu. Nama da gyaɗa da ɗanyen ganye su ne ba sa yafe gaggawa.

Haɗiya tana da haɗari fiye da yadda ake zato, saboda hanyar abinci da hanyar numfashi suna gittawa a maƙogwaro. Duk lokacin da aka haɗiye wani abu, numfashi yakan tsaya na ɗan lokaci, wani ɗan murfi ya rufe bakin hanyar iska. In mutum ya haɗa ci da dariya, murfin ya makara, shi ke nan sai ƙwarewa da tari. Daga nan lomar ta shiga maƙoshi, bututu mai tsawon kamar santimita 25, kuma ba faɗawa take yi ba. Tsokar bututun ce take matsewa a bayanta tana sakewa a gabanta, tana tura ta har tumbi cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Shi ya sa 'yan sama jannati suke iya cin abinci a inda babu sama babu ƙasa. A ƙarshen maƙoshi akwai wata tsoka da take tsuke ƙofar tumbi. In ta yi sako-sako, ruwan tumbi ya taso sama, mutum ya ji ƙirjinsa yana zafi, bakinsa yana tsami. Ƙwarnafi ke nan, abokin masu juna biyu da masu cika ciki da sahur su koma barci nan take.

Abin da ke faruwa a cikin tumbi kuwa, an daɗe ana gardama a kai. Wasu masana sun ce niƙa yake yi, wasu suka ce dafawa, wasu suka ce ruɓarwa. Wani hatsari ne ya raba gardamar. Ranar 6 ga Yuni, 1822, a tsibirin Mackinac da ke Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure ta sami wani saurayi ɗan Kanada mai suna Alexis St. Martin, wanda yake ƙwadago a kamfanin fatu. Harbin ya fasa masa haƙarƙari ya huda tumbi. Likitan soja William Beaumont, wanda aka kira, bai sa ran yaron zai kwana biyu ba. Sai ga shi ya rayu. Amma ramin bai rufe ba: bakin tumbin ya manne da fatar jiki, ya zama wata 'yar ƙofa da ake iya leƙa cikin mutum mai rai ta cikinta.

Daga 1825 Beaumont ya fara gwaje-gwaje. Yakan ɗaure yankin nama ko burodi ko kabeji da zaren siliki, ya zura ta ramin, bayan awa ɗaya ko biyu ya jawo ya ga yadda ya koma. Yakan ɗebi ruwan tumbin a kwalba, ya jefa nama a ciki, ya ajiye a wuri mai ɗumi, naman ya narke ba tare da wani niƙa ba. Ya kuma lura cewa in St. Martin ya fusata, narkewar takan yi nawa. Gwaji fiye da 200 ya yi, ya wallafa sakamakonsu a littafi a 1833. Ana yaba wa likitan har yau, amma labarin yana da ɗaci. St. Martin talaka ne marar ilimin boko, likitan ya mayar da shi baran gida, yana faskare yana kai saƙo, ana kuma zura masa zare a ciki. Ya sha tserewa Kanada ana bin sa da lallashi. Ya rayu har 1880, shekara 27 bayan rasuwar likitan, danginsa kuma suka ɓoye kabarinsa don kada masu bincike su tono shi.

Ruwan da Beaumont yake ɗiba, asid ne mai ƙarfi haɗe da wani sinadari mai suna fefsin, wanda yake fara sassaƙe furotin na nama da wake da ƙwai. Asid ɗin yana kuma kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da suka biyo abinci. Tumbi yana juya abincin yana matsa shi har ya koma ruwa-ruwa, sa'an nan ya riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan zuwa hanji. Abinci yakan yi awa biyu zuwa huɗu a nan. Mai maiƙo ya fi daɗewa, dalilin da ya sa wanda ya ci ƙosai ko tsire yake jimawa bai ji yunwa ba, mai shan koko zalla kuwa kafin hantsi cikinsa ya fara ƙugi.

To, tumbi ma ai nama ne, me ya hana shi narkar da kansa? Bangonsa a shafe yake da wani yauƙi mai kauri wanda yake kashe kaifin asid, kuma ƙwayoyin da suka lulluɓe shi suna sabuntawa duk bayan 'yan kwanaki. In wannan kariya ta sami matsala, asid ya ci bangon, shi ne gyambon ciki, wato olsa.

A nan ne fahimtar jama'a ta fi karkacewa. Kusan kowa zai ce yunwa ce take kawo olsa, ko yaji, ko yawan tunani. Likitoci ma haka suka yi ta cewa shekaru da dama. Akwai dalilin da ya sa aka ɗauka haka: in gyambon yana farkon hanji, zafinsa yakan tashi ne idan ciki ba komai, musamman cikin dare, da an ci wani abu sai ya lafa. Yunwa tana tayar da ciwon, ba ita ta haƙa gyambon ba.

Wani likita mai duba naman jiki a madubin awo a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren, ya lura a 1979 cewa akwai wasu lanƙwasassun ƙwayoyin bakteriya a bangon tumbin marasa lafiya, alhali littattafai sun ce ba abin da zai rayu a cikin wannan asid. Wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗa kai da shi. Sun yi ta ƙoƙarin renon ƙwayar a ɗakin gwaji abin ya ƙi, sai a 1982 da hutun Ista ya sa aka bar faranten gwajin suka ƙara kwanaki, aka dawo aka tarar ta tsiro. Duk da haka manyan likitoci ba su yarda ba. A 1984 Marshall ya ɗebi ƙwayoyin ya shanye. Cikin 'yan kwanaki ya kama amai, aka zura masa na'urar leƙa ciki aka ga bangon tumbinsa ya kumbura. Su biyun suka karɓi kyautar Nobel a 2005.

Sunan ƙwayar Helicobacter pylori. Dabararta ita ce ta nutse cikin yauƙin nan, ta riƙa fitar da wani sinadari da yake sassauta asid ɗin da ke kewaye da ita. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, yawanci tun suna yara suka kamu, kuma ta fi yawa a inda ake cunkoso da ƙarancin tsabtataccen ruwa. Mafi yawan masu ita ba sa jin komai, amma ita ce babban sanadin olsa, kuma tun 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da suke jawo kansar tumbi. Sanadi na biyu yana kan teburin kowane kyamis: magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin, waɗanda suke rage wa tumbi yauƙin da ke kare shi. Lebura ko ɗan acaba da yake sayen haɗin maganin gajiya kullum da yamma ya kora da ruwa, sau da yawa irin waɗannan yake sha bai sani ba.

Abin takaicin shi ne, mutum sai ya shekara goma yana cewa shi mai olsa ne, yana fama da madara da ruwan kanwa da farin maganin kwalba, bai taɓa yin gwaji ba. Waɗannan suna kwantar da asid na ɗan lokaci ne kawai, ƙwayar tana nan. Ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kuma kashe ta da haɗin magungunan kashe bakteriya da mai rage asid, na tsawon kamar mako biyu, bisa umarnin likita. Wani kuma in an duba ma ba gyambon, ƙwarnafi ne ko wata matsalar daban.

Da abinci ya bar tumbi ya shiga farkon ƙaramin hanji, sai hanjin ya aika saƙo ta cikin jini cewa asid ya iso. Wasu masana biyu a Landan, William Bayliss da Ernest Starling, su suka gano wannan ɗan aike a 1902, kuma shi ne homon na farko da aka sani. Saƙon yana zuwa ga wata gaɓa mai tsawon kamar santimita 15 da take kwance a bayan tumbi, wadda likitoci suke kira fankiriyas. Ita ce mai yin insulin da masu ciwon sukari suka sani, amma yawancin aikinta na narkar da abinci ne. Tana zubo ruwan da yake kashe asid, tare da sinadaran da suke ƙarasa sitaci da furotin da kitse. Hanta kuma tana haɗa ruwan ɗaci, maɗaciya ta adana shi, ta matso shi in abinci mai maiƙo ya iso. Aikinsa irin na sabulu ne a tukunyar da aka yi suya: ya tarwatsa mai ya zama ƙananan ɗigo, yadda sinadaran za su iya kama shi.

Ƙaramin hanji siriri ne, faɗinsa bai wuce santimita 3 ba, amma tsawonsa ya kai mita 6 in aka miƙe shi. Cikinsa a nannaɗe yake, kuma kowace naɗa tana lulluɓe da miliyoyin 'yan tsiro waɗanda ba su wuce milimita ɗaya ba, kowane ɗan tsiro kuma da nasa ƙananan gashin. Da za a shimfiɗe duk wannan, zai rufe kusan murabba'in mita 30, wato ɗaki mai mita biyar a shida. Ta nan sukari da gutsattsarin furotin da bitamin da gishiri suke ratsawa su shiga jini. Jinin kuma ba ya zarcewa zuciya sai ya bi ta hanta, ta tace, ta ajiye wani kaso na sukarin don lokacin buƙata. Da wannan ajiya mai azumi yake fara cin yininsa.

Ba kowane hanji ne yake iya kowane aiki ba. Jarirai duka suna da sinadarin da yake narkar da sukarin madara, amma kusan kashi biyu cikin uku na manyan duniya nasu yana raguwa bayan yaye. Irin waɗannan in sun sha ɗanyar madara sai kumburin ciki da iska da gudawa. Al'ummun da suka daɗe suna kiwo, ciki har da Fulani da Larabawan daji da mutanen arewacin Turai, da yawansu sinadarin yana nan har tsufa. Nono da kindirmo sun fi sauƙi ga kowa, saboda bakteriyar da ta tsamar da su ta riga ta cinye wani kaso na sukarin. Haka kuma abin da aka haɗa da abinci yana da tasiri. Shayi mai kauri a kan abinci yana rage sinadarin ƙarfe da hanji yake tsotsa daga wake da ganye, lemo da gwaiba da tumatir kuwa suna ƙara shi. Mace mai ciki da aka ce jininta ya yi ƙasa tana da buƙatar sanin wannan.

Akwai wani lissafi da ba a cika yi ba, na ruwa. In mutum ya sha lita biyu a yini, jikinsa da kansa yana zuba kusan lita bakwai a cikin bututun, daga yawu zuwa ruwan tumbi da na hanta da na hanji. Kusan duka lita taran nan hanji yake mayarwa jiki, abin da yake fita a bayan gida bai kai cikin kofin shayi ba. Kwalara wannan lissafin take rushewa. Gubarta tana sa hanji ya riƙa zubar da ruwa da gishiri maimakon tsotsa, har babban mutum ya iya rasa lita guda cikin awa ɗaya. A ɓarkewar 2021 a Najeriya, mutum fiye da 100,000 aka yi zaton sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa irin su Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara ne suka fi jin jiki.

Maganin ya fito ne daga fahimtar hanjin kansa. A 1960 wani masani Ba'amurke, Robert Crane, ya bayyana cewa akwai wata ƙofa a bangon hanji da take shigar da sukari da gishiri tare, ruwa kuma ya bi bayansu. Daga baya aka gano gubar kwalara ba ta rufe wannan ƙofa. A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a kan iyakar Indiya, ruwan ƙarin jijiya ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa ruwa da gishiri da sukari a manyan durom, dangi suna ba marasa lafiyarsu da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Wannan shi ne ruwan gishiri da sukari da ake bayarwa a asibiti cikin 'yar leda. In ba a samu ba, ana haɗa lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa da sukari cokalin shayi shida a shafe da gishiri rabin cokalin shayi. Awon yana da muhimmanci, don in sukari ya yi yawa gudawar ƙaruwa take yi. Uwar da take hana yaro mai zawo ruwa don kada ya ƙara, da kyakkyawar niyya take yi, amma bushewar jikin ce take kisa.

Abin da ƙaramin hanji ya kasa narkarwa, kamar dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye, yana wucewa babban hanji, mai tsawon mita ɗaya da rabi. A nan tafiya take yin sanyi, saura yakan kwana ɗaya ko biyu. A nan kuma tiriliyoyin bakteriya suke zaune, yawansu ya kai yawan ƙwayoyin halittar jikin mutum kansa. Suna cin wannan saura, suna samar da abin da yake ciyar da bangon hanjin, da bitamin K, da kuma iska. Tusar da take biyo bayan cin wake aikinsu ne. Zogale da rama da kuka da kuɓewa da gero marar surfe sosai suna riƙe ruwa a cikin bayan gida su tausasa shi. Wanda abincinsa ya koma farin burodi da taliya da lemon kwalba, ga ƙarancin shan ruwa, shi ne mai daɗewa a ban ɗaki yana nishi, kuma yawan nishin nan yana cikin abubuwan da suke kumbura jijiyoyin dubura, wato basir. Masu tallar magani a tasha sun ɗora wa basir komai, daga ciwon baya har raunin mazakuta, alhali iyakarsa ƙarshen hanji.

Duk wannan zirga-zirga ba da umarnin mutum ake yin ta ba. Bangon hanji yana da nasa jijiyoyin saƙo fiye da miliyan 100, suna tafiyar da aiki ko ana barci, suna kuma musayar labari da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ɗalibi kan nemi ban ɗaki ana dab da shiga jarrabawa. Ƙugin da ciki yake yi in ba komai a cikinsa ma aikinsu ne, shara ce hanji yake yi duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu.

Bayan gida yana ba da labarin hanyar da ya biyo, ga mai dubawa kafin ya kora ruwa. Launinsa na ƙasa-ƙasa daga ruwan ɗacin hanta yake, wanda shi kuma ya samo launinsa daga tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini. In ya koma fari-fari, idanu suka yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, alama ce ruwan ɗacin ba ya isa hanji, ko dutse ya toshe hanya ko hanta tana ciwo. In ya yi baƙi ƙirin da danƙo da wari na daban, ga wanda ba ya shan ƙwayar ƙarin jini, mai yiwuwa jini ne yake zuba daga tumbi. Wannan, da aman jini, da wahalar haɗiya, da rama ba dalili, da jini a bayan gida ga wanda ya haura shekara 45, abubuwa ne na zuwa asibiti kai tsaye, ko da mai su ya tabbata a ransa cewa tsohuwar olsarsa ce ko basir ɗinsa ya motsa.